Madubi Na Fara Ɗauka Kafin In Dubi Taubashiyata

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kai da masu karatu kuna cikin ƙoshin lafiya. A lokacin da abin nan ya faru ni ɗan acaɓa ne a garin Rano, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya gama sakandare da ƙyar ya kama babur. Babur ɗin nawa ne, ba na wani ba, kuma hanyar Kibiya da ta Rurum na san su kamar yunwar cikina. A tasha an san ni da baki. Ni ne mai laƙaba wa mutane suna, ni ne in na buɗe baki majalisa ta kwashe da dariya har mai shayi ya ƙona ƙwai. Na faɗi wannan ne don kada a zaci mai sanyin jiki ko mai ƙunci ciwon nan ya kama. Ya kama wanda ya fi kowa surutu a tasha.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Bahaushe ne manomi, kuma fuskarsa na ɗauko gaba ɗaya, har da hancinsa mai faɗi. Mahaifiyata kuwa Bafulatana ce, danginta suna wajen Fassi suna kiwo suna noma, kowannensu hanci har baka. Kawuna, wan mahaifiyata, yana da 'ya mace da na girma da 'yan shekaru. Taubashiyata ce, don haka tun muna ƙanana ba ma haɗuwa sai an yi tsiya. In ta hango ni tun daga nesa take ɗaga murya ta ce ga Kaɗo nan mai hanci kamar an zauna a kan ƙosai, a kawar da ƙwaryar nono kada ya shaƙe ta. Ni kuma in ce da ita sandar kiwo, in ce a ɗaure ta da turke kada iska ta kai ta Rurum ba kuɗin mota. Manya na ji suna dariya, don wasan taubasai ba a shiga tsakani. Muna cikin wannan tsiya ne wasa ya zama so. Da aka fahimta kowa ya yi murna, aka kai goro, aka sa rana bayan kaka. Wallahi a wannan shekarar ko sarki bai fi ni jin daɗi ba.

Ranar sa ranar ne abin ya fara. Wani abokina ya ɗauke ni hoto da waya, yana tsugune ina tsaye, sai hoton ya fito daga ƙasa. Da yamma aka nuna mata a gaban ƙawayenta da abokaina. Ta duba, ta duba, sannan ta ce a mayar wa mai wayar kuɗinsa, don hancin ya cinye hoton bai bar wa idanu wuri ba. Aka fashe da dariya, ni ma na yi, har na rama. Magana ce irin wadda ta yi mini sau ɗari ban taɓa kwana da ita ba. Amma da na dawo gida na sake buɗe hoton, sai na ga kamar yau na fara ganin kaina. Na ja shi da yatsa ya yi girma. Na ce ashe haka nake yawo a gari? Ashe ba wasa take yi ba, gaskiya ce take sakayawa a cikin wasa?

Daga nan madubi ya zama aikina. Yawancin 'yan acaɓa cire madubin babur suke yi su ajiye, ni kuwa na je na sayo sababbi guda biyu manya. Na dama na bar shi yana kallon hanya, na hagu na juyo shi yana kallon fuskata. Abokai suka yi ta tsiya wai ango ya fara kwalliya, ba su san abin da nake dubawa ba. In ina jiran fasinja ina ciki, in ina tafiya ina satar kallo, in na wuce mota a tsaye sai na leƙa gilashinta. Ko alwala nake yi, in na zo shaƙa ruwa sai na tsaya ina auna faɗin hancin da yatsu biyu. Wani abin mamaki, kullum girmansa daban nake gani: da safe da sauƙi, da rana ya kumbura, in na ji an yi dariya a bayana kuwa sai in ga ya kai kunne. Na koma sa takunkumi bayan kowa ya daina, ina cewa ƙurar hanya ce. Na daina cin abinci a tasha don sai an cire shi. Mutumin da ke riƙe da majalisa ya koma zama a gefe. In fasinja ya kalle ni don ya faɗi inda za shi, ni a raina hancin yake kallo. Na matse shi da maƙalin shanya har ya yi ciwo, na gasa shi da tsumma da ruwan zafi, na shafa man kaɗe ina ja. Bai motsa ba ko na ƙwayar gero.

Laifi na farko da nake nema wa gafara shi ne abin da na yi wa mahaifiyata. Na taɓa jin cewa tsofaffi kan gasa wa jariri hanci su riƙa ja a hankali har ya miƙe. Sai na same ta tana tankaɗe, na ce da ita ita ta cuce ni, ga ta da hanci har baka amma ta bar ni haka. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, kuma kowa ya san lokacin ina jariri kunya ba ta bar ta ta ɗauke ni a gaban mutane ba, kakata ce ta yi mini wanka. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce hancin mutumin da ta zauna da shi shekara ashirin lafiya ne, ita ba ta taɓa ganin laifinsa ba. Ko a jikina. Daga nan na wuce wurin wanzamin gidanmu, wanda ya yi mini askin suna, na roƙe shi a asirce ko zai ɗan rage gefe da gefe. Tsohon ya ajiye aska ya dube ni, ya ce shi ya cire beli, ya yi ƙaho, ya yi kaciya ba adadi, amma bai taɓa jin an yi wa hanci kaciya ba. Ya ce in tashi in ba masu aski wuri.

A waya na gano ashe ana yin aikin hanci. Kai, ranar ban iya zama ba! Na ga hotuna, wannan kafin aiki wannan bayan aiki, mutum ya shiga da irin nawa ya fito kamar Balarabe. Na samu wata manhaja mai gyara hoto, na siranta hancina, na zuba wa hoton ido har wayar ta mutu. Na ce wannan shi ne ni na gaskiya, wancan da ake gani kuskure ne. Na sayar da ragunan da nake kiwo don hidimar biki, na ce wa gida zan je sayo kayan babur, na shiga motar Kano. A hanya har waƙa nake yi a cikin takunkumi. Bayan bin layi da komawa sau biyu aka haɗa ni da likitan da ke gyaran fuska, dattijo mai furfura. Ya sa na cire takunkumi, ya juya kaina hagu da dama, ya leƙa ciki da fitila, ya tambaya ko ina numfashi lafiya, na ce lafiya lau. Sai ya ajiye fitilar ya shiga wasu tambayoyi da ban yi zato ba: sau nawa nake duba madubi a rana, ko na daina zama cikin mutane, ko abin yana hana ni aiki. Na faɗa masa gaskiya ina ɗoki, a zatona hakan zai sa ya gaggauta. Ya ce shi aikinsa ɗinke leɓen yaran da aka haifa a tsage da fuskokin da wuta ko haɗari ya ɓata, kuma hancina lafiyayye ne irin na rabin mutanen da ke kan layi a waje. Ya ce akwai wani ciwo sananne da ke sa mutum ya ga aibu babba a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai, kuma wuƙa ba ta warkar da shi. In an gyara nan gobe ciwon ya koma can. Ya rubuta mini takarda zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa. Na tashi a fusace na ce ni da na zo da hanci za a ce mini mahaukaci? Na dunƙule takardar na cusa a aljihu, ko sallama ban yi masa ba.

Da kaka ta zo na je na ce wa kawu a ɗaga biki, wai ɗaki bai kammala ba. Ya ce ba komai. Aka sake sa rana, na sake kawo wani dalili. Gaskiyar ita ce na rantse ba za a ɗauke ni hoton aure da wannan hancin ba. Ita kuwa ta fara tambayata ko wani abu ta yi mini, don na daina ramawa in ta tsokane ni, kuma in na je zance ba na cire takunkumi. Ta ce ita ba ta san ko da wa take hira ba, ko ni ne ko ɗan fashi. Na ce ta ƙara haƙuri, akwai abin mamaki da nake shirya mata. Abin mamakin shi ne wani mutum da na samu a waya, wanda ya ce yana yin aikin a wani ɗaki a bayan kantin magani a Kano. Bai tambaye ni sau nawa nake duba madubi ba. Hotona kawai na tura, ya ce subhanallahi, ai wannan aikin gaggawa ne, yaya aka yi na kai wannan lokaci da shi? Ku ji fa, zagina ya yi, amma na ji kamar ya ba ni kujerar Makka. A karo na farko wani ya ga abin da nake gani! Ya ce awa ɗaya ya isa, kwana bakwai in cire bandeji in ga sabon mutum. Muka sa rana. Na yi aski, na wanke babur, na ɗinka sabuwar shadda da zan sa ranar cire bandeji. Har na tsara yadda zan shiga tsakar gidan kawu in sauke takunkumi a hankali, in ga ko bakin tsiyar nan zai samu abin faɗa.

Ranar ta faɗo daidai da ranar kasuwar Kibiya. Tun da sassafe na kai wani fasinja wajen Fassi, niyyata in juyo in ajiye babur a Rano in hau motar Kano. Sai na ce bari in biya in gaida kawu, in kuma yi mata kallon ƙarshe da tsohuwar fuska. Na tarar ta makara, sauran mata sun riga sun tafi da nono. Kawu ya ce tunda Allah ya kawo ni in sauke ta a kasuwa. Ta hau ta ɗora ƙwaryar a cinya, muka kama hanya. Damina ta wuce ba da daɗewa ba, hanya duk zaizaya, amma ni ji nake kamar a sama nake tafiya. Tana ta zuba a bayana, tana cewa in rage gudu ko hancin ne ke jan mu gaba. Na yi dariya irin wadda na daɗe ban yi ba, na ce ta yi ta ƙare, yau ce rana ta ƙarshe. Ta ce ta ƙarshen me? Na janye takunkumi ƙasa, na saki hannun hagu daga kan babur, na matse hancina da yatsu biyu ina duba madubin nan, ina gwada yadda zai koma nan da la'asar. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau! Na ƙara karkata kai in gan shi ta gefe. Na ji ta ƙwalla kira ta ce shanu.

Garke ne ke tsallaka hanya a gangaren wani rafi. Na taka birki ina riƙe da babur da hannu ɗaya, ƙafar gaba ta shiga zaizaya, muka tashi sama. Ni na faɗa cikin yashi. Ita ta faɗi a kan duwatsun gefen hanya, ƙwaryar ta tarwatse a ƙarƙashinta. Yanzu ga abin da ya sa na rubuto wannan wasiƙa, abin da ban taɓa faɗa wa ko abokina ba. Da na miƙe, ban nufi inda take ba. Madubin hagu ya karye ya faɗi kusa da ni, sai na tsinci kaina na ɗauke shi ina duba hancina ko ya fashe. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ban san daƙiƙa nawa na yi a haka ba. Da na sauke madubin sai muka haɗa ido. Tana kwance a gefe ɗaya, jini da nono sun haɗu suna gangarowa daga girarta zuwa kunci, kuma ni take kallo. Ba ta yi kuka ba. Makiyayin ne ya riga ni isa wurinta, ya cire rawaninsa ya danne mata ciwon.

A asibiti aka yi mata ɗinki daga gira har kusa da kunne. Allah ya tsare idon. Kawu ya zo, ya dube ta, ya dube ni, ya ce ƙaddara ce, ya ma tambaye ni ko na ji ciwo. Da ya zage ni ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Mutumin Kano ya yi ta kira har la'asar, daga baya na kashe wayar. Kwana uku ba ta ce mini komai ba. A na huɗu, da mahaifiyarta ta fita alwala, ta kira ni da sunana na gaskiya, abin da ba ta taɓa yi ba tunda muke. Ta tambaye ni me nake nema a madubin. Na zauna a ƙasa na kwashe komai na faɗa mata, tun daga hoton ranar sa rana har ɗakin bayan kantin magani. Sannan ta ce ita ba ta san akwai wanda zai ɗauki maganar taubashiya ya kai ta asibiti ba. Ta ce da hancin bai yi mata ba, da wani abin za ta samu ta riƙa zagi, don mutum ba ya shekara goma yana kallon abin da ya ƙi. Ta ce tabon ba komai, ta yafe. Amma ta ce duk lokacin da ta rufe ido ni take gani tsaye da madubi, kuma ba za ta iya zama da mutumin da take kwance cikin jini bai gan ta ba. Ta ce ba za ta faɗa wa kowa dalili ba, kuma har yau ba ta faɗa ba. Bayan sati biyu kawu ya maido da kayan sa rana, da haƙuri mai yawa, kamar su ne suka yi laifi.

Takardar likitan nan na samu a aljihun tsohuwar rigata, ta sha wanki amma ana iya karantawa. Na kai ta inda aka ce. Ba a ɗaure ni ba, ba a ce mini mahaukaci ba. Wata likita ta zaunar da ni ta ce ba ni kaɗai ba ne, wani kunne ne nasa, wata fata, wani sanƙo. Aka ba ni magani, aka riƙa ba ni aikin da ya fi noma wuya: in cire takunkumi in ci abinci a tsakiyar tasha, in ƙidaya sau nawa na nemi madubi in rage, in bar wayata ta huta da gyaran hoto. Ranar farko da na zauna a teburin mai shayi fuska a buɗe gumi ya jiƙa mini riga. Ba wanda ya kalli hancin. Wani ma cewa ya yi ashe ina da baki, sun zaci na sayar. Ba zan ce na warke sarai ba, akwai ranakun da abin ke taso mini, amma yanzu na san muryar ciwo ce ba ta gaskiya ba. Na je na durƙusa gaban mahaifiyata na nemi gafara. Madubin babur kuwa duka biyun hanya suke kallo.

Taubashiyata ta yi aure bara, ta auri wani ɗan uwansu mai kiwo a Rurum Sabon Gari. Ba ta rufe tabon da mayafi, ba ta shafa masa komai. Ni da ban da aibu na ɓoye fuskata shekara guda, ita da na yi wa aibu na gaske tana shiga kasuwa kai a ɗage. Abin da na koya shi ne, wanda ya cika kallon kansa makaho ne, ko da idonsa biyu. 'Yan uwana matasa, musamman masu kwana a kan hotunan waya, in kun ga wani wuri a jikinku ya hana ku zama cikin mutane, ya hana ku cin abinci, ya sa kuna ɗaga alheri zuwa ranar da za a gyara shi, to ba wurin ne ke ciwo ba. Ku je asibiti ku faɗi gaskiya, kuma ku ji tsoron duk wanda ya yi saurin yarda da ku yana wasa wuƙa. Iyaye da abokai, in mai surutu ya yi shiru ya rufe fuska, ku tambaye shi, kada ku tsaya ga tsiya. Wanda ya biya kuɗin wautata ba ni ba ne, shi ya sa nake roƙon masu karatu su sa ta a addu'a kafin ni.

Kwanakin baya na sauke fasinja a kasuwar Kibiya, sai na ji murya daga rumfar masu nono tana cewa a rufe ƙwarya, ga Kaɗo nan ya iso da ƙosansa. Matan suka kwashe da dariya. Na juya, ga ta zaune da goyo, tabon yana sheƙi a rana. Na buɗe baki in rama kamar da, na ce sandar kiwo, sai na fasa ƙarasawa. Na ɗaga mata hannu kawai na tada babur. Wannan karon har na fita kasuwa ita nake gani a madubi, tana ƙanƙancewa a bayana.